Sansanin Mars: injin nukiliya za mu ɗauko ko ƙarin farantan sola?

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka jima a wasan sansanin Mars da muke yi ta WhatsApp, inda kowane rukuni yake riƙe da sashe ɗaya na aiki amma rumbun kaya na kowa ne. Mu 'yan Tawa makamashi ne a hannunmu. Alƙalin wasa ya tsara cewa jirgin kaya yana isowa sau ɗaya a zagaye, wato bayan wata 26, daidai da yadda damar tafiya Mars take zagayowa a zahiri. Gurbin da aka ba mu a jirgi mai zuwa ba zai ɗauki abu biyu ba, ko dai ƙaramin injin nukiliya, ko farantan sola masu yawa da baturansu. Rukunin Yamai kuma suna matsa mana, domin injinan haƙarsu suna zaune babu wuta. Wanne ya fi?

Malam Mai Lissafi, Yamai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku ɗauki nukiliya. Hasken ranar da ke isa Mars bai kai rabin wanda muke samu a nan ba, ga kuma ƙura da kan rufe duniyar Mars baki ɗaya har tsawon makonni. Irin wannan guguwa ce ta kashe motar bincike ta Opportunity a 2018, kuma ƙurar da ta taru a kan faranti ita ta kawo ƙarshen na'urar bincike ta InSight a 2022, alhali motar Curiosity, wadda take samun wuta daga zafin sinadarin fulutoniyom, tana aiki tun 2012. Duk wanda ya ga abin da hazon hunturu yake yi wa sola a rufin gidansa ya san inda maganar ta dosa.

Hajiya Mai Rumbu, Malbaza:
Malam, ban ƙi hujjarka ba, amma ka tsallake batun gyara. InSight ta mutu ne saboda babu mai share mata faranti, mu kuwa a sansaninmu akwai mutane da tsintsiya. Idan faranti goma suka lalace, sauran za su ci gaba da ba da wuta, amma idan inji ɗaya tilo ya tsaya a tsakiyar zagaye, za mu jira wata da watanni kafin kayan gyara su iso, kuma har yanzu babu rukunin da ya buɗe ilimin ƙera irin waɗannan kayayyaki. Ni ce mai riƙe da lissafin rumbu, ba zan sa hannu a kan injin ba sai an ware makin bincike domin maƙera tukuna.

Injiniya, Yamai:
Hajiya ta yi gaskiya a kan maƙera, sai dai ku duba abin da wutar za ta yi. Na'urar MOXIE da ke cikin motar Perseverance ta tace iskar shaƙa daga iskar Mars tsakanin 2021 da 2023, kuma duk abin da ta tara giram 122 ne, wanda ke nuna cewa aikin yana yiwuwa amma yana cin wuta sosai. Babbar hanyarmu ita ce ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙasa: a narkar da ita a sha, a raba saura a samu iskar shaƙa da haidurojin, sannan a haɗa haidurojin da iskar Mars a samu man roka. Wannan aiki ba ya son a kashe a kunna kullum dare, kuma injin nukiliya yana fitar da zafin da zai narkar da ƙanƙarar ba tare da an taɓa lantarki ba. Ko ma'adinan yuraniyom na Arlit sai da aka haɗa su da tashar kwal ta Anu Araren domin su samu tsayayyiyar wuta. Shawarata ita ce ku ɗauko injin, ku bar tsofaffin farantan ga ɗakunan kwana kaɗai, mu kuma mu bayar da makinmu na wannan zagaye ga maƙera.

Ɗan Adar, Tawa:
Na gode muku duka. Zan tambayi alƙali ko dokar wasa tana lissafa zafin injin a matsayin amfani. Injiniya, ka rubuta alƙawarin makin nan a babban zaure domin Hajiya ta gani kafin ranar Juma'a.