Neman kalma: ƙurajen da hasken rana ke tayarwa

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin lafiya a gidan rediyo nan Sakkwato, kuma likitan fatar da na gayyata ya aiko mini da kalmar photodermatosis, wato ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke fesowa a wuya da hannuwa bayan mutum ya shiga rana, su lafa, su sake dawowa. Da wane suna zan kira su?

Malam Bello: Hajiya, ai ƙurajen zafi ne, waɗanda kowa ke fama da su a watan Afrilu.

Dakta Nasiru: Allah gafarta Malam, ba su ba ne. Ƙurajen zafi toshewar ƙofofin gumi ce, shi ya sa suka fi fitowa inda tufa ta rufe. Waɗannan kuwa suna tsayawa ne inda rana ta taɓa, har a ga shatin wuyan riga a jikin mai su, domin haske ne ke tayar da su ko da ana cikin sanyin hunturu. Wasu magunguna irin su doxycycline kan jawo su, haka ma cutar lupus, wadda a cikinta garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita. Duk sunan da ya ambaci zafi zai sa maras lafiya ya nemi fanka, alhali inuwa da riga mai dogon hannu yake bukata. Shawarata ita ce borin rana, bisa ƙirar borin jini.

Malam Sani: Ban yarda da bori ba, domin mai sauraro a Wurno ko Bodinga zai ɗauka iskoki ake nufi, ya nufi wurin boka. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ƙinrana, kalma guda mai sauƙin faɗi.

Malam Bello: Ƙinrana ai laƙabin malalacin manomi ne.

Malam Sani: Matsalarmu ke nan. Duk kalmar da ba a fara ji daga bakin mutanen Kano ba, sai a mai da ita abin dariya, kamar Sakkwato ba ta da malaman harshe.

Dakta Nasiru: Malam Sani, Kano ba ta shigo cikin wannan ba. Marasa lafiya da bakinsu suke ce mini borin jini, kuma asibiti suka zo, ba gidan boka ba.

Hajiya Rabi: Na gode muku. Zan ce borin hasken rana domin kada a haɗa shi da zafi, sannan likita ya bi shi da bayani a farkon shirin.

Malam Sani: A rediyo na haƙura, Hajiya, amma a ajina ƙinrana za ta ci gaba da aiki.