Kafilina ya riƙe fasfo ɗina, ina son komawa gida

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina aikin direban gida a Riyad, Saudiyya, ban leƙa gida ko sau ɗaya ba. Kwangilar shekara biyu muka yi, ta ƙare tun bara, amma fasfo ɗina yana hannun kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamana da aikina a ƙasar. Duk sanda na tayar da maganar bizar fita sai ya ce in bari sai wata mai zuwa. Har yau watan bai kama ba.

Kewa ta fara taɓa lafiyata. Ba na runtsawa sai wajen asuba, abinci ba ya shiga. Mahaifiyata tana kwance, in mun yi waya kuka ke hana ni magana.

Na gwada neman bizar da kaina ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ashe gyaran dokar ƙwadago na 2021 da ya ba ma'aikata damar neman ta da kansu bai haɗa da direbobin gida da masu aikin gida ba. Wasu sun ce in gudu kawai, to in kafilin ya kai rahoton hurub, wato cewa na tsere daga aiki, fa? Kamu ne da kora, ga albashin wata huɗu da nake bin sa.

Wace hanya doka ta tanada da zan karɓi fasfo ɗina da bizar fita ba tare da amincewarsa ba?