Tafi daban, shawara daban

Ɗan Gulbi: Salamu alaikum ƴan Maraɗi. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Sun zo da kiɗa da motoci,
Sun ce talaka shi ne sarki,
Mun yi tafi har hannu ya yi zafi,
Ranar rabon kuɗin gari
Ba wanda ya ce mu zo mu ji.

Baba na Bagalam:

Ɗana, bari in tuna maka,
Mun ga aikin Baba Tandja,
Ajin lakwal a cikin karkara,
Ɗakin magani kusa da gida.
Bai tara mu shawara ba,
Amma ya san ciwon talaka.

Ɗan Gulbi:

Baba, aiki ban musa ba,
Amma ka tuna 2009,
Aka ce tazarce muradin jama'a,
Aka rushe majalisar ƙasa,
Kotun tsarin mulki ta bi baya,
Ran 4 ga Agusta aka yi ƙuri'a,
Fabrairun 2010 sai ga soja.
Wanda ya ce shi ne bakin kowa,
Wa zai tsai da shi in ya ɓata?

Hajiya ta unguwar Zariya:

Ku gafarce ni, Baba da ƙanena,
Tawa ba ta wuce unguwa ba.
Damina ta zo, ruwa ya ci hanya,
Magudana ta toshe da leda,
Yara na tsallake da takalmi a ka.
Kullum ina biyan kuɗin rumfa,
A miƙo mini ƴar takarda,
Inda kuɗin suka nufa ban sani ba.
A 2004 muka zaɓi ƴan majalisa
Na gari, muka ce mulki ya zo gida,
Afrilun 2024 an rushe su duka,
Ko can da suke, ba su cika kiranmu ba.
Ni dai a kafa allo a bakin ƙofa,
Abin da ya shiga, abin da ya fita.

Malamin lakwal:

Hajiya, abin naki an taɓa yi,
A Porto Alegre ta Brazil, babban birni,
A 1989 unguwanni
Suka fara zama su zaɓi aiki da kuɗi,
Su dawo baɗi su bi sawun alkawari.

Baba na Bagalam:

To Malam, in an kira irin wannan zama,
Ku aiko jikana ya kai ni da tabarma,
Zan ce a fara da magudanar Hajiya.