Dreverhaven: uba ne ko azzalumi?

Baban Zara: Daren jiya na sake kallon Karakter, fim ɗin Holan na 1997, kuma ina nan kan bakana: Dreverhaven uba ne na gari. Duk azabar da ya gana wa ɗansa Jacob horo ne. Yaron ya tashi ba shi da ko sisi, ya ƙare yana lauya. Wa ya kai shi?

Maman Iman: Haba Baban Zara! Mutumin da ya yi wa mai aikin gidansa Joba ciki, mutumin da sana'arsa a Rotterdam ita ce watso kayan talakawa waje da takardar kotu in sun kasa biyan haya, shi ne uba na gari? Ka manta lokacin da aka kama yaron kan 'yar satar yarinta, ya ce wa 'yan sanda Dreverhaven ne ubansa, shi kuwa ya ce bai san shi ba?

Baban Zara: Ban manta ba, Hajiya. Ke ma kada ki manta sau nawa ya nemi auren Joba tana ƙi, ya aika kuɗi tana mayar masa. Ita ta rufe ƙofa. Da aka hana shi renon ɗansa a gida, sai ya rene shi ta hanyar da ya iya, wato bashi da kotu.

Autan Malam: Ku yi haƙuri yayyena, ban kalla ba. Wane bashi kuma?

Maman Iman: Jacob ya ci bashin banki ya sayi shagon taba, aka cuce shi a cinikin, jarin ya rushe. Ashe bankin na ubansa ne. Uban ya sa kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Lauyan da aka ɗora wa shari'ar, De Gankelaar, shi ya ga hazaƙar yaron ya sama masa aiki a ofishinsu. In ana neman wanda ya yi aikin uba a fim ɗin nan, ga shi nan.

Baban Zara: To da uban bai maka shi kotu ba, a ina zai haɗu da lauyan?

Maman Iman: Wannan ai kamar ka tura mutum rijiya ne, wani ya ciro shi, ka zo kana neman tukuici don ya koyi iyo.

Malam Na Laburare: Ku bar ni in sa baki. Hujjar Baban Zara mafi ƙarfi bai ma kawo ta ba. Da Joba ta ce wa Dreverhaven ya ƙyale yaron, cewa ya yi zai shaƙe shi kashi tara cikin goma, ɗayan da ya rage shi zai ƙarfafa shi. Kenan da niyya yake yi. Amma niyya daban, sakamako daban. Ku dubi Jacob a ƙarshe. Lorna, abokiyar aikinsa, tana sonsa, shi ma yana sonta, ya kasa buɗe baki har ta auri wani. Kansa na cikin littattafai da lissafin bashi. Ya ci jarrabawa, amma ya fito da irin busasshiyar zuciyar uban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma ban wanke uwar ba, Hajiya, don matar nan sai ta wuni da ɗanta a ɗaki ɗaya ba ta ce masa uffan ba. Taurin kai uku ne suka haɗu a gida guda, shi ya sa nake son fim ɗin.

Maman Iman: Na yarda shirunta ya yi yawa, Malam. Amma ita ta ciyar da shi da guminta, ba ta taɓa aiko masa da sammaci ba.

Baban Zara: To wasiyyar fa? Bayan an tsinci gawar Dreverhaven, 'yan sanda suka tsare Jacob suna zargin shi ya kashe shi, daga baya aka gane tsohon ne ya kashe kansa. Ya bar wa yaron dukiyarsa kaf, ya sa hannu da kalma ɗaya, Vader, wato uba. Wallahi a nan sai da na share hawaye.

Maman Iman: Ihu bayan hari. Kalmar da yaro ya nema a ofishin 'yan sanda yana ƙarami, sai a takardar mamaci ya same ta.

Malam Na Laburare: Wannan ƙarshen ma na Mike van Diem ne, mai ba da umarni. A littafin marubuci Bordewijk na 1938, wanda aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, Dreverhaven bai mutu ba, babu gawa, babu tuhumar kisa. Hawayenka ƙari ne aka yi maka, Baban Zara.

Autan Malam: Ni abin da ya ba ni mamaki, yanzu na ga fim ɗin ya ci Oscar a 1998, amma ban taɓa jin sunansa ba.

Malam Na Laburare: Nemo shi, ƙanina. Ko don Jan Decleir, ɗan Beljiyam da ya fito a Dreverhaven. Tsayuwarsa kawai cikin doguwar baƙar riga da hula ta isa ta hana ka barci. Kuma yawancin titunan da za ka gani ba na Rotterdam ba ne. Jiragen Jamus sun ƙone tsakiyar birnin a Mayun 1940, dole aka je Hamburg da Antwerp da Wroclaw neman gine-gine masu kama da na shekarun 1920.

Baban Zara: Duk kun kauce wa tambayata. Ranar da Jacob ya zama lauya ya je ya ce masa duk rayuwarsa yana tare masa hanya. Me tsohon ya ce? Ya ce ko kuwa taimakonsa yake yi.

Maman Iman: Shi ya faɗa. Ka ga yaron ya yi masa godiya? Kansa ya yi da duka.