Za mu kai yara Blaenavon: a shiga ramin ko a tsaya sama?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Maigida ya dage wai wannan hutun sai mun kai yara Blaenavon, ɗan ƙaramin garin nan na kudancin Wales da aka daɗe ana haƙar kwal. Babban shekararsa 10, auta Ilham 4, ga surukata Hajiya da gwiwa ke damu. Ni tun da na ji ana shiga ƙarƙashin ƙasa gabana ke faɗuwa. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min da shawara.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kafin komai ki jingina auta da bango ki auna ta. Yaron da bai kai mita 1 ba, ba a sauka da shi ramin Big Pit, wato tsohon ramin kwal ɗin da aka mai da gidan tarihi. Ni ban bincika ba, sai da muka isa, Sadiq ya yi ta kuka, uwarsa ta zauna da shi a sama tana hararata.

Amma babban kam ki bar shi ya shiga. Za a ba ku hular kwano mai fitila, a ɗaura muku batir a ƙugu, yana da ɗan nauyi. Waya, agogo, duk abin da ke da batir sai an karɓe, saboda iskar gas mai kamawa da wuta. Daga nan keji, wato lif ɗin mahaƙa, ya sauka da ku mita 90. Wanda ya zagaya da mu tsohon mahaƙi ne, bakinsa bai huta ba kusan awa guda. Ya nuna mana turken dawakan da ke jan kwal a da, can ƙasa suke kwana.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne da ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Wallahi na kai tafin hannuna har hanci ban gan shi ba. A irin wannan duhun, in ji shi, ƙananan yara ke wuni suna buɗe ƙofa suna rufewa, kafin dokar 1842 ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a rami. 'Yata mai surutun tsiya ta damƙe rigata, har muka fito ba ta ce uffan ba.

Anti Larai:
Hajiya kam kada a wahalar da ita. Akwai santsi, akwai inda sai an sunkuya. Ta je ɗakin wankan mahaƙan na 1939, an mai da shi wurin nuna kayan tarihi, amma tudu ne, a bi da ita a hankali. Ku ɗauki rigunan sanyi ko da rana ta fito.

Malam Dogo:
Kowa rami, rami. Ku leƙa tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da ta fara aiki a 1789, har gidajen leburori suna nan. Saboda irin waɗannan ne hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ramin ma ai sai 1980 aka daina haƙa.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na auna ta yanzu, santimita 97, kuma har da ɗage. Ita da Hajiya za su tsaya sama ke nan. Ni ce dai na rasa uzuri.