Abin da na tsinta a hirarmu kan kallon husufin rana

Kowa dai ya yarda kar ka kalli rana da ido tsirara ko da wata ya rufe rabinta, don haskenta na ƙona can cikin ido kuma ba za ka ji zafi ba sai bayan awanni ka fara ganin dishi-dishi, wallahi wannan ya fi tsorata ni. Baƙin gilashi na gayu bai isa ba, sai wanda aka yi musamman don kallon rana, mai lambar shaidar inganci ta ISO 12312-2. In babu, huda kwali da allura, ka juya wa rana baya ka kalli hoton rana da hasken da ya bi ta hudar zai fitar a ƙasa. Wata daga cikinmu ma ta ce a duba inuwar bishiya, za ka ga ƙananan hotunan rana kamar jinjirin wata birjik. Yara kuma a sa musu ido sosai.