Neman kalma: me za mu kira "veteran starting pitcher" a shirin gobe?

Mai Shirin Wasanni:
Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 4 na yamma zan naɗi shiri, minti 7 aka ba ni in bayyana yadda ƙungiyoyin besbol na Amurka ke musayar 'yan wasa ana tsakiyar kaka. Misalin da na ɗauka shi ne na Justin Verlander, wanda Detroit ta miƙa wa Houston ranar 31 ga Agusta 2017, yana ɗan shekara 34, ta karɓi matasa uku. Abu uku suka tsaya mini: "veteran starting pitcher", da "trade", da ma'aunin nan da suke kira ERA. Na rubuta "tsohon ɗan wasa mai fara jefa ƙwallo", amma ya yi wa baki tsawo, kuma sau takwas zai fito a rubutun. A taimaka don Allah.

Malama Mai Fassara:
Wa alaikumus salam. Fara cire "tsohon ɗan wasa". Kunnen Bahaushe zai ji shi kamar tsohon gwamna, wato wanda ya sauka. Ka ce "tsohon hannu". Na biyun kuma, wato "trade", kada ka kuskura ka ce "sayarwa". Masu sauraronka 'yan ƙwallon ƙafa ne, za su zauna jiran jin nawa aka biya. A nan ba a sayen ɗan wasa, kwantiraginsa ne ke binsa yadda yake zuwa sabuwar ƙungiya, a biya da wasu 'yan wasan. Musaya ce. Kuma da yake Detroit ta ɗora dala miliyan 16 don rage wa Houston nauyin albashinsa na 2018 da 2019, wanda ya kai miliyan 28 kowace shekara, kalmar kasuwa na nan tana jiranka: ciko. Musaya da ciko, kamar ta babur ko waya.

Ɗan Damagaram:
Musaya da ciko ya zauna daram, Malama. Pitcher kuwa ina ganin "mai jifa" ya wadatar. Na farkon a ce "mai buɗe wasa".

Mai Lissafi:
"Mai buɗe wasa" zai jawo matsala, ɗan'uwa. Tun 2018 ƙungiyar Tampa Bay ta yaɗa wata dabara inda wani ke jefa turmi ɗaya ko biyu na farko kawai ya sauka, kuma sunansa a wasan ke nan, mai buɗewa. Wanda ake magana a kansa daban ne. Shi ake so ya ɗauki turmi 6 ko 7 cikin 9, ya yi jifa wajen 100, sannan ya huta kwana huɗu. Su biyar ne suke karɓa-karɓa, saboda haka cikin wasanni 162 na kaka kowannensu yana samun 32 ko 33. Na ce turmi da gangan, aron na dambe, don "zagaye" zai rikice da zagayen da mai bugu ke yi kafin ya ci maki.

Ɗan Damagaram:
Na yarda da turmi. Amma masu Sifaniyanci "abridor" suke ce wa na farkon, ma'anarsa mai buɗewa, kuma ba su rikice ba.

Mai Lissafi:
Su sun riga dabarar Tampa Bay da shekaru masu yawa. Mu yau muke raɗa suna, me zai sa mu raɗa wanda muka san zai ci karo da wani?

Baba Malamin Hausa:
Yarana, duk kun kewaye kalmar kun bar ta a tsakiya. Maharbi. Mutum ya tsaya a tazarar mita 18 da 'yan kai, ya saki ƙwallo tana gudun fiye da kilomita 150 a awa, ya saita ta cikin ɗan gurbi tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu, ku ce jifa yake yi? Jifa na yara ne a gindin mangwaro. Wannan harbi ne, akwai saiti, akwai dako, akwai sanin halin abin farauta. Maharbin fari. Sannan ku lura da nahawu: jefa abu daban, jifan mutum daban. In ka ce "mai jifa", wa ake jifa? A wasan nan in ƙwallo ta sami jikin mai bugu kyauta ake ba shi zango na farko cikin waɗanda yake zagayawa kafin ya ci maki, laifi ne ke nan.

Malama Mai Fassara:
Baba, maganar jefa da jifa gaskiya ce, na karɓa. Amma maharbi a rediyo, bayan an gama labaran duniya? Kuma a bakin 'yan ƙwallo harbi na ƙafa ne, za a ɗauka ɗan gaba ake nufi. In sigar ma- ake so, ga majefi, kamar maɗinki da marubuci. Majefin fari. Wanda ke karɓarsa in ya gaji kuma majefin ɗauki.

Baba Malamin Hausa:
Jam'insa fa? Majefa. Ita ce kuma sunan wurin da ake jefa abu. Kin ga an koma gidan jiya.

Malama Mai Fassara:
Haka mahauta take, Baba, mutanen da wurin, a rubuce iri ɗaya, a baki karin sauti ya raba su. Shi kuma da baki zai faɗa.

Ɗan Zongo:
Ni ban ga abin wahala ba. A ce fica a wuce wurin. Gola muke cewa, fenariti muke cewa, kwana muke cewa. Wa ya taɓa jin yaro a gidan kallo ya ce "bugun daga kai sai mai tsaron gida"?

Baba Malamin Hausa:
Wannan ita ce lalacin da ke cin harshen nan. Waɗanda suka ba mu ƙwallon kwando da ƙwallon raga da zari-ruga da satar gida, da sun yi irin tunaninka da yau ba mu da ko ɗaya. Japanawa da wasan nan ya je musu sun raɗa masa yakyu, mai jefawar suka ce toshu. Mu ne kullum hannu a miƙe.

Ɗan Zongo:
Baba, da girmanka, Japanawan nan suna cewa "pitcha" a filin wasa, masu Sifaniyanci ma suna da "pícher" kusa da "lanzador". Aro ba bara ba ne. Kuma kullum in an zo raɗa kalma sai a auna ta da kunnen Kano kaɗai, mu na Kumasi da Accra sai dai a aiko mana.

Ɗan Damagaram:
Wannan kam ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Fica ba ta gaya wa mutumin Maraɗi komai, shi ta Faransanci zai fara cin karo da wasan, "lanceur". Majefi kuwa daga Agadas har Kumasi ba wanda zai tambayi ma'anarsa. Ni na janye mai jifa, na koma bayan Malama.

Baba Malamin Hausa:
Ba maganar Kano ba ce, ni ma ba Bakano ba ne. Maganar ita ce kalma ta ɗauki nauyin aikin. Majefi bai da kwarjini.

Mai Shirin Wasanni:
Allah ya huci zuciyarku, iyayena, lokaci na tafiya. ERA fa? Kuma ta yaya zan gaya wa mai sauraro wanda ya ci riba?

Mai Lissafi:
Lissafin ba wuya. Makin da aka ci majefi ta laifinsa, ban da wanda kuskuren masu tsaron fili ya jawo, ka ninka da 9, ka raba da turmin da ya jefa. Verlander a Satumba 2017: maki 4 cikin turmi 34. Huɗu sau tara 36, raba da 34, ya ba ka 1.06. Kafin musayar, a Detroit, 3.82 yake da shi a wasa 28. Ƙanƙantar lambar ita ce kyanta, wannan sai ka faɗa a fili don an saba da mai yawa shi ne gwani.

Amma kada ka tsaya nan, wasa biyar ba ya auna mutum. Masu neman majefi suna duba abu huɗu. Na ɗaya, abin da ke hannun majefi shi kaɗai: masu bugu nawa ya kora da kansa, nawa ya bari suka tafi zango kyauta. A turmi 34 ɗin nan ya kori 43, ya saki 5 kacal. Yawan nasara da faɗuwa da ake rubutawa gaban sunansa ba abin dogaro ba ne, don ya danganta da makin da abokansa suka ci. Na biyu, gudun ƙwallonsa, in ya fara raguwa daga wata zuwa wata to sau da yawa kafaɗa ce ko gwiwar hannu ke magana. Na uku, shekarun da suka rage a kwantiragi: Houston ba hayar wata biyu ta yi ba, kaka biyu ta samu a gaba. Na huɗu, jijiyar gwiwar hannu. In ta tsinke, aikin da ake kira Tommy John yana cin wata 12 zuwa 18. Shi kansa Verlander an yi masa a 2020, bai buga 2021 ba gaba ɗaya.

Ranar 31 ga Agusta ma ba haka kawai ba ce. Wanda bai shiga ƙungiya kafin 1 ga Satumba ba, ba ya buga wasannin neman kofi. Kuma sai da ya amince da kansa, don yana da ikon ƙin tafiya. Ka ja kunnen masu sauraro cewa tun 2019 an rufe wannan ƙofa ta yin musaya a ƙarshen Agusta.

Ɗan Damagaram:
Riba kuwa a bayyane take. Houston ta ɗauki kofi a 2017 da 2022 yana cikinta, ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon majefi, a 2019 da 2022. Cikin matasa ukun, Franklin Pérez da aka fi sa wa rai rauni ya hana shi kaiwa babban rukuni, Daz Cameron bai zauna ba, Jake Rogers ne ya zama mai cafe ƙwallo na Detroit. Sai dai in minti 7 ɗin za su ɗauka, ka haɗa da na 1987 don kada a ɗauka mai karɓar tsohon hannu ne kullum da riba. Detroit ɗin dai ta karɓi Doyle Alexander, ɗan shekara 36, daga Atlanta. Wasa 11, nasara 9, ba faɗuwa, ma'auninsa 1.53, ya kai su saman rukuninsu. Da aka je gaban Minnesota a wasannin neman kofi ya faɗi wasansa biyu, bayan 1989 ya ajiye. Yaron da suka bayar, ɗan shekara 20, shi ne John Smoltz, wanda ya yi wa Atlanta kaka 20, ya ci wasa 213 a rayuwarsa, aka sa shi zauren gwanaye a 2015.

Malama Mai Fassara:
ERA ɗin na gwada "matsakaicin ci", amma ci na wa? Za a ɗauka shi ya ci. "Ma'aunin zuba" kuma sai an yi bayani.

Baba Malamin Hausa:
Ma'aunin yoyo. Tulu mai yoyo kaɗan shi ne mai kyau, ba sai an faɗa wa kowa ba.

Ɗan Zongo:
Wannan kam Baba ya fi maharbi, amma a shirin wasanni zai sa mutane dariya.

Mai Shirin Wasanni:
To ga abin da zan naɗa: tsohon hannu, majefin fari, majefin ɗauki, musaya da ciko, turmi. ERA zan faɗi haruffan sau ɗaya, in bi da "makin da ake cinsa a kowane turmi 9", har mu samu gajeriya. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Baba Malamin Hausa:
Jeka da majefinka tunda kun fi ni yawa, amma ban sa hannu ba. Ka ja wasalin je ɗin sosai kada ya fita a guntule, kuma ka guji jam'in a gobe, ka ce "su biyar ɗin". Mai rufe turmi na tara kuwa, ranar da aka zo kansa, maharbi zan sake kawowa.